Kyamarorin Hangen Gobarar Daji: Me Suke Iya Yi, Kuma Ina Ƙarfinsu Ya Tsaya?

Idan har jihar Kaliforniya ta Amurka tana da kyamarori sama da 1,000 a kan duwatsu da hasumiyoyi, suna sa ido a kan daji dare da rana, ta yaya wuta ta cinye unguwanni a Los Angeles a watan Janairun 2025, ta hallaka mutum 30 ko fiye, ta kuma lalata gine-gine sama da 16,000? Tun bayan wannan gobara tambayar ke yawo a bakin jama'a, kuma amsoshin da aka fi ji iri biyu ne. Wasu na cewa kyamarorin asarar kuɗi ne kawai, tunda ranar da aka fi bukatarsu ba su hana komai ba. Wasu kuma, musamman a ƙasashen da ba su da irin wannan tsari, suna ganin da zarar gwamnati ta sayo na'urorin ta kakkafa, an rabu da gobarar daji da ambaliya ke nan. Duka ɓangarorin biyu sun ɗora wa kyamara aikin da ba nata ba, kuma ba za a gane hakan ba sai an bi yadda take aiki daki-daki.

Mene ne ainihin tsarin?

Ba irin kyamarar tsaro da ake liƙawa a ƙofar kanti ba ce, duk da cewa 'yan gida ɗaya ne. Ana ɗora ta ne a wuri mai tsayi, kan tsauni ko hasumiyar sadarwa, inda babu abin da zai tare mata gani. Tana iya juyawa ta zagaye ko'ina, ta ɗaga kai ko ta sunkuyar, ta kuma jawo abin da ke nesa ya matso kusa. Kyamarorin Kaliforniya kan kammala zagaye ɗaya cikin kimanin minti biyu, kuma masu tsarin sun ce idan sarari ya washe suna hango abin da ke nisan kusan kilomita 100 da rana, da dare kuma ninkin haka, domin suna ɗaukar wani nau'in haske da idon mutum ba ya gani, harshen wuta kuma ya fi fitowa fili a cikin duhu.

Da yake galibin wuraren babu wutar lantarki kuma babu waya, ana haɗa kowace tasha da faifan sola da batura, sannan hotunan su riƙa tsallakawa ta iska daga hasumiya zuwa hasumiya har su isa inda ake da intanet mai ƙarfi. Wannan sarƙar sadarwa ita ce ƙashin bayan aikin, kuma sau da yawa ta fi kyamarar kanta tsada da wahalar kulawa. Akwai kuma dalilin da ya sa ake son a samu kyamarori da yawa suna kallon yanki guda. Kyamara ɗaya tana iya nuna ta wace fuska hayaƙi ke tashi, amma ba ta iya faɗin nisansa da tabbaci. Idan biyu ko uku suka hango shi daga wurare daban-daban, sai a ja layi daga kowacce a kan taswira, inda layukan suka haɗu nan wutar take.

Daga mai gadin hasumiya zuwa na'ura

Dabarar hangen hayaƙi daga sama ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Bayan wata babbar gobara da ta ƙone kimanin eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana a 1910, hukumar gandun daji ta Amurka ta gina dubban hasumiyoyi, aka zuba masu gadi da ke kwana su tashi a can tsawon bazara, aikinsu kallon daji da kai rahoto. Daga baya jiragen sama da wayar hannu suka rage bukatarsu, aka rufe mafi yawansu.

Wani abin mamaki shi ne, tsarin kyamarorin yammacin Amurka bai fito daga hannun 'yan kwana-kwana ba, ya fito ne daga hannun masu nazarin girgizar ƙasa. Su ne suka riga suka shimfiɗa hanyoyin sadarwa a kan duwatsu domin tattara bayanai daga na'urorinsu, a Jami'ar Kaliforniya da ke San Diego tun shekarar 2000, da kuma Jami'ar Nevada da ke Reno, wadda ta fara ɗora kyamarori a kewayen tafkin Tahoe. Da aka ga amfaninsu sai aikin ya bazu, har aka ƙaddamar da ALERTCalifornia, wato tsarin kyamarorin jihar Kaliforniya, a 2023 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Neal Driscoll, masanin ilimin duwatsu. A Jamus ma jihar Brandenburg ta maye gurbin masu gadin hasumiyoyinta da na'urori sama da 100, waɗanda fasaharsu ta samo asali daga aikin cibiyar binciken sararin samaniya ta ƙasar. A Afirka ta Kudu kuwa kamfanonin da ke noman itatuwan katako sun daɗe suna amfani da irin waɗannan kyamarori a gandayensu, saboda itacen da aka yi shekaru ana reno yana iya zama toka a yini guda.

Tsakanin ganin hayaƙi da tashin mota

Babu ɗan'adam da zai iya zura ido a kan allo dubu ba tare da ya gaji ba, shi ya sa a shekarun farko aka fi amfani da kyamarorin wajen tabbatar da rahoto: wani ya buga waya ya ce ya ga hayaƙi, jami'i ya juya kyamara ya duba ko gaskiya ne da kuma girman abin. Ko wannan kaɗai ba ƙaramin amfani ba ne, domin yana hana a tura motoci ashirin inda guda biyu za su wadatar, ko a tura biyu inda ake bukatar ashirin.

Abin da ya sauya a 2023 shi ne shigowar ƙirƙirarriyar basira. An horar da manhaja da ɗimbin tsofaffin hotuna har ta koyi kamannin hayaƙi, sannan aka sa ta ta riƙa kwatanta kowane sabon hoto da wanda ya gabace shi. Idan ta ga wani abu ya sauya, sai ta zana akwati a kan wurin, ta aika wa cibiyar hukumar kashe gobara ta jihar, wato Cal Fire, tare da nuna yawan tabbacin da take da shi. Daga watan Satumban wannan shekara dukkan cibiyoyin hukumar guda 21 suka fara karɓar irin wannan sanarwa, kuma an ruwaito cewa a watanni biyun farko tsarin ya gano gobara 77 kafin kowa ya buga lambar gaggawa.

Manhajar ba ta tura ko mota ɗaya da kanta. Mutum ne ke duba hoton ya yanke hukunci, kuma dole ne a yi haka, domin abubuwan da ke kama da hayaƙi suna da yawa: hazon safiya da ke kwance a kwari, ƙurar da tarakta ta tayar a gona, tururin tashoshin da ke samar da lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa, har da gajimare mai saukowa ƙasa-ƙasa. Duk lokacin da jami'i ya danna cewa wannan ba wuta ba ce, amsar tana komawa cikin horon manhajar. Matsalar da masu aikin suka fi tsoro ita ce yawan ƙararrawar ƙarya, domin jami'in da aka tasa sau goma a banza yakan yi sanyin jiki a karo na goma sha ɗaya.

Wani misali da aka ba da labarinsa a 2023 ya nuna tsarin a lokacin da komai ya tafi daidai. Wuta ta tashi da misalin ƙarfe 3 na dare a dajin Cleveland, gabas da San Diego, inda babu kowa a farke balle ya buga waya. Kyamara ta hango ta, manhaja ta sanar da jami'in da ke bakin aiki, shi kuma ya tura 'yan kwana-kwana kimanin 60 da motocin kashe gobara 7 da manyan motocin ture ƙasa, cikin minti 45 aka kashe ta. Galibin masu ba da labarin kan tsaya ne a kan kyamarar, amma a ganina adadin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne mutum 60 ɗin nan, waɗanda aka samu a shirye, da mai a motocinsu, da hanyar da za ta kai su wurin a tsakar dare. Matsayin kyamara a nan matsayin ladan ne: kira nasa ne, amma cika sahu na jama'a ne.

To me ya faru a Los Angeles?

A ranar 7 ga Janairun 2025 rashin gani bai kasance matsalar ba. Gobarar Palisades ta tashi ne da hantsi a gefen unguwa mai cike da jama'a, kyamarori da mutane duk suka gan ta tun tana ƙarama. Abin da ya gagara shi ne iska. Busasshiyar iskar da ake kira Santa Ana ta riƙa kaɗawa da ƙarfin da a kan duwatsu ya kai kusan kilomita 160 a sa'a, bayan watanni ba a ga ruwan kirki ba. A irin wannan yanayi tartsatsi na tashi ya yi tafiya mai nisa ya faɗa kan rufin gida ko cikin shinge, ya kunna sabuwar wuta a bayan masu kashe ta farko. Da yamma dole aka sauke jiragen da ke zuba ruwa saboda ba sa iya tashi, a wasu unguwannin kuma famfunan kashe gobara suka ƙafe. Mintunan da kyamara ke samarwa suna da daraja idan wuta na tafiya a hankali. Idan iska ce ke ɗauke da ita, mintunan sukan ƙare kafin mota ta fita daga tasha.

Akwai ƙarin abubuwa biyu. Na farko, masu binciken gwamnatin tarayya sun bayyana daga baya cewa gobarar Palisades ragowar wata ƙaramar wuta ce da ta tashi ranar 1 ga Janairu, aka ɗauka an kashe ta, ashe tana ci a ƙarƙashin ƙasa cikin saiwoyi har iska ta tone ta. Kyamarar da ke neman hayaƙi daga nisan kilomitoci ba ta ganin garwashin da ke binne. Na biyu, a gobarar Eaton da ta tashi da yammacin ranar, kusan duk waɗanda suka mutu mazauna yammacin Altadena ne, wata unguwa da ke gefen Los Angeles, inda umarnin ficewa bai isa ba sai bayan ƙarfe 3 na dare, sa'o'i masu yawa bayan kowa ya san wuta na ci. Giɓin yana tsakanin sanin hukuma da kunnen mai barci a gida. Makamancin haka ya faru a Lahaina ta tsibirin Maui a jihar Hawaii ta Amurka a Agustan 2023, inda mutum kusan 100 suka mutu alhali jiniyoyin gargaɗin da ke tsibirin ba a kaɗa su ba.

Tauraron ɗan'adam bai wadatar ba?

Mutane da yawa kan yi wannan tambaya, tunda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tana wallafa taswirar wuraren da wuta ke ci a duniya kyauta ta shafinta na FIRMS. Amsar tana cikin bambancin kusa da nesa. Taurarin da ke zagaye duniya a ƙasa-ƙasa suna gani da kyau, na'urar VIIRS da ke jikin wasunsu tana rarrabe fili mai faɗin mita 375, amma ba sa wucewa ta kan wuri ɗaya sai 'yan lokuta a yini. Waɗanda ke tsaye a sama can nesa suna ɗaukar hoto duk bayan 'yan mintuna, sai dai kowane ɗigo a hotonsu ya kai faɗin kilomita 2 ko makamancin haka, don haka sai wuta ta yi ƙarfi kafin su lura da ita. Gajimare kuma yana rufe wa dukkansu ido. Kyamarar ƙasa tana ganin siririn hayaƙi tun yana sabo, amma tudu ɗaya ya isa ya ɓoye mata kwari gaba ɗaya. Shi ya sa hukumomin da suka ƙware ke haɗa su duka, har da kiran wayar jama'a, wanda har yanzu shi ne ke fara kai labarin gobara mafi yawa a wuraren da mutane ke zaune.

Ambaliya, aman wuta da zaftarewar dutse

Da zarar an kafa hasumiya da sadarwa, ba wuta kaɗai za a kalla ba. A Kaliforniya kyamarorin nan su ne ake juyawa a lokacin damina a duba gangaren da wuta ta ƙone, domin ƙasar da ta rasa ciyayi ba ta riƙe ruwa. A Janairun 2018 laka da duwatsu sun gangaro kan garin Montecito makonni kaɗan bayan gobara, suka kashe mutum 23. Masu lura da duwatsu masu aman wuta a Kilauea ta Hawaii da Etna ta Italiya suna amfani da kyamarori, har da masu ganin zafi, domin kada mutum ya kusanci bakin ramin. A Japan an kakkafa kyamarori a bakin koguna da yawa, kowa na iya buɗe waya ya ga inda ruwa ya kai maimakon ya fita cikin hadari ya je dubawa.

Misalin da ya fi ƙarfi a 'yan shekarun nan shi ne ƙauyen Blatten na ƙasar Suwizalan. A watan Mayun 2025 masana suka lura dutsen da ke saman ƙauyen yana motsi yana zubar da tsakuwa a kan ƙanƙarar da ke ƙasansa, suka bi shi da kyamarori da na'urorin auna motsi, hukuma ta kwashe mazauna kimanin 300 har da dabbobinsu. Ranar 28 ga watan ƙanƙarar ta ɓalle ta binne kusan dukkan ƙauyen, mutum ɗaya aka rasa. Na'urorin ba su ceci gida ko ɗaya ba, amma an samu hukumar da ta yarda da abin da suka nuna, da jama'ar da suka yarda da hukumar.

Wasu bala'o'in kuwa ba su da siffar da ido zai kama. Iskar gas da ta taso daga tafkin Nyos na Kamaru a Agustan 1986 ta kashe mutum sama da 1,700 cikin dare, kuma irin wannan haɗari na'urar auna iska da bututun da ke zuƙe gas daga ƙasan tafkin ne maganinsa. Girgizar ƙasa ma na'urorin da ke binne ne ke jin ta.

Wa ke biya, kuma wa ake kallo?

Kaso mai yawa na kyamarorin Kaliforniya kamfanonin wutar lantarki ne suka biya kuɗinsu, kuma ba don alheri kawai ba. Layin wutar kamfanin lantarki na PG&E ne ya haddasa gobarar da ta share garin Paradise a Nuwamban 2018, inda mutum 85 suka mutu; kamfanin ya shiga fatara a 2019, ya kuma amsa laifin kisa ba da gangan ba a gaban kotu a 2020. Masu goyon baya na cewa duk wanda ya biya, amfanin na kowa ne. Masu suka na cewa sayen kyamara ya fi araha da saurin ɗaukar ido fiye da sauya tsofaffin wayoyi, ko binne su a ƙasa, ko rage busassun itatuwa, kuma kuɗin a ƙarshe yana komawa kan takardar biyan wutar talaka. Wannan suka tana da tushe, musamman idan aka tuna wani bincike da aka wallafa a 2017 wanda ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na gobarar daji a Amurka tsakanin 1992 da 2012 ɗan'adam ne sanadinsu. Kyamara ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan sanadai.

Sai batun sirri. Na'urar da ke hango hayaƙi daga nisan kilomitoci tana iya hango tsakar gidan mutum, kuma hotunan ALERTCalifornia a buɗe suke ga duk mai intanet. Masu tsarin kan dusashe ko su rufe sassan da gidaje suke, kuma jami'ai kaɗai ke da ikon juya kyamara. Amma tambayar wanda ke ajiye hotunan, da tsawon lokacin da zai ajiye su, da ko 'yan sanda ko kamfanin inshora na iya neman su, tambaya ce da doka ya kamata ta amsa tun kafin a ɗora na'urar.

Yaya abin yake a yankinmu?

Hotunan taurarin ɗan'adam sun nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na filin da wuta ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka yake. Sai dai yawancin wannan wuta ba irin ta Kaliforniya ba ce. Da gangan ake kunna ta: manomi na sharar gona, makiyayi na neman sabon tsiro, mafarauci na korar gafiya da zomo, mai zuma na hayaƙa amya. Manhajar da za ta yi ƙara a kan kowane hayaƙi a dajin Bauchi ko Neja a watan Disamba ba za ta yi shiru ba ko na minti ɗaya, ga kuma hazon hunturu da kan rufe gari har a kasa ganin abin da ke nisan kilomita ɗaya, a daidai lokacin da ciyawa ta fi bushewa. Manhajar da aka horar da hotunan duwatsun Amurka sai an sake horar da ita da namu hazon da namu hayaƙin.

Wannan ba ya nufin wutar daji ba ta ɓarna a nan. A yankin makiyaya na Jamhuriyar Nijar, shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar da aka fi fargaba, domin ciyawar da dabbobi za su ci har ƙarshen rani tana iya ƙonewa a dare ɗaya. Shi ya sa bayan ɗaukewar ruwa ake biyan mutanen karkara su share dogayen layuka masu faɗi da wuta ba za ta tsallake ba, a kuma tara ciyawar da aka cire don abincin dabbobi. Ghana, bayan mummunar gobarar dajin 1983 da ta haɗu da fari, ta kafa dokar hana ƙona daji a 1990 tare da ƙungiyoyin sa kai a ƙauyuka. A irin waɗannan wurare, bayanan tauraron ɗan'adam na kyauta, da rediyon gari, da wayar mai unguwa, da babur mai mai a tanki za su fi kyamara amfani a kan kowace naira ko sefa da aka kashe.

Inda kyamara za ta fi biyan kuɗinta a wajenmu shi ne wuri ƙayyadadde mai daraja, wanda akwai ma'aikata a kusa da shi: gandun daji, gonar itatuwa, da kuma bakin madatsun ruwa da gadoji. Ambaliyar da ta shiga Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, da ta Mokwa a Mayun 2025, duk sun iske mutane da yawa suna barci. Kyamarar da ke kallon ma'aunin ruwa a jikin madatsa ba ta da tsada, kuma hasumiyoyin kamfanonin waya da ke ko'ina sun riga sun tanadi tsayi da lantarki da sadarwa. Shirin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar a 2022 na ganin gargaɗin farko ya kai ga kowa kafin ƙarshen 2027 ya kasa aikin gida huɗu: sanin haɗarin, sa ido a kansa, isar da saƙo, da shirin ɗaukar mataki. Kyamara tana cikin kaso na biyu ne kawai. Duk jihar da za ta saye ta, kasafin kuɗinta na bukatar ya nuna albashin wanda zai zauna gaban allo da ƙarfe 3 na dare, da sunan jami'in da ke da ikon ba da umarnin ficewa ba tare da jiran izini daga sama ba, da kuɗin sauya batura da goge ƙurar gilashi, da kuma gadin faifan sola a tashar da ke tsakiyar daji.